Ku Tambayi Kawu: Skunk Anansie, gurup ɗin da Ingila ta so ta manta da su

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili naku. A fitowar da ta wuce na ce a cikin layi ɗaya tak wai akwai wani gurup na kiɗan rok a Ingila, Skunk Anansie, wanda ba a ba shi haƙƙinsa ba, toh ai kuwa saƙonni suka yi ta shigowa daga Garwa, Marwa, Kuseri har Njamena. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri dan Allah, amsoshinku suna cikin waɗannan.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki ya gida ya iyali, ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere. Da na ga sunan da ka rubuta sai na sa forfe na shiga YouTube na duba, wlh na sha mamaki na ga baƙar mace da aski ƙwal-kwabo tana ihu gaban Turawa dubbai suna tsalle, ni tunda nake ban taɓa ganin baƙar fata a irin kiɗan nan ba. Wacece ita kuma daga ina suka fito?

AMSA: Ɗana sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Matar da ka gani Skin ake ce mata, sunanta na yanka Deborah Anne Dyer, an haife ta a 1967 a Brixton, wata unguwa a kudancin Landan da baƙaƙe 'yan asalin Jamaika suka cika, iyayenta ma daga Jamaika suka zo. Ba waƙa ta karanta ba fa, tsara adon cikin gida ta karanta a Middlesbrough can arewacin Ingila, daga baya ta ajiye ta kama abin da ranta ke so.

Su huɗu ne. Ita ce mai waƙa, sai Cass mai kaɗa gitar bas wanda shi ma baƙi ne, sai Ace mai gita, sai mai bateri, wato ganguna, da farko Robbie France ne amma bai daɗe ba Mark Richardson ya karɓe shi a 1995 kuma shi ne har yau. Sun haɗu a Landan a 1994, wasansu na farko a wani ɗan ƙaramin kulob ne mai suna Splash kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da kamfanin One Little Indian ya ɗauke su, kamfanin da Björk 'yar Aisilan take ciki. Rabin sunan nasu daga Anansi ne, gizo-gizon tatsuniyar mutanen Gana da bayi suka tafi da labarinsa Jamaika, wato dai Gizonmu na Ƙoƙi.

Amma in kana so ka gane ihun da ka ji sai ka san wace Landan ce ta haife su. A watan Afrilu 1993 wasu samari Turawa suka kashe wani yaro baƙi, Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, yana tsaye yana jiran bas bai yi ma kowa komai ba, 'yan sanda kuma suka yi wasa da binciken, sai a 2012 aka samu biyu daga cikinsu da laifi, ka lissafa shekarun da uwarsa ta yi tana jira. A wannan 1993 ɗin dai jam'iyyar BNP ta masu ƙin baƙi ta ci kujerar kansila a gabashin Landan. Toh a cikin wannan yanayi Skin ta ga an zana swastika, alamar 'yan Nazi, a jikin wani bango, zanen kuma can ƙasa-ƙasa yake daidai tsayin ƙaramin yaro, sai ta tambayi kanta waye ya koya ma yaron nan ƙiyayya tun bai san hagu da dama ba. Daga nan waƙarsu ta farko Little Baby Swastikkka ta fito. Kaga kenan ba ihun banza ba ne, akwai abin da ke cin ta.

Album na farko Paranoid & Sunburnt ya fito 1995, na biyu Stoosh 1996, dukkansu sun shiga goman farko a Ingila kuma kowanne ya kai matsayin platinum, wanda a can yana nufin an sayar da kofi 300,000. Na uku Post Orgasmic Chill ya zo 1999 a kamfanin Virgin. Ni abin da ya kama ni da su tun lokacin kaset shi ne muryar, don matar nan za ta fara waƙa a hankali can ƙasan maƙoshi har sai ka matso da kunne, kafin ka ankara ta ɗaga ta kai inda ba ka zata mutum zai iya kaiwa ba, kuma ba ta karyewa ba ta kaucewa, tsaf take sauka inda ta nufa. Masu ihu a rok suna da yawa, masu iya ihu su kuma iya waƙa mai taushi a cikin minti ɗaya ba su da yawa. Bas ɗin Cass kuma in ka saurara da kyau za ka ji rege da fank a ƙarƙashi, shi ya sa ko wanda bai saba da ƙarar gita ba jikinsa na iya motsawa.

TAMBAYA: Salam Kawu, daga Njamena nake unguwar Mardjandaffack. Mun yi musu da abokina a wajen shayi, shi ya ce Stormzy ne baƙar fata na farko ɗan Ingila da ya rufe babban festibal ɗin Glastonbury, ni kuma na ce kamar na ji ana cewa matar nan ce. Sannan in har sun yi girma haka me ya sa ko masu jin kiɗan Turawa a nan sun san Oasis da Coldplay amma su ba wanda ya san su? Raba mana gardama.

AMSA: Ɗan'uwa kai ka fi kusa da gaskiya, a gaishe min da abokin naka shi zai sayi sikari. Bari in yi bayani don wanda bai san wurin ba. Glastonbury biki ne da ake yi a gonar shanun madara ta wani manomi Michael Eavis a yankin Somerset, tun 1970 aka fara, kuma a Ingila babu wani dandamali da ya kai babban dandamalinsa daraja, wanda duk aka ba shi ya rufe dare a can toh ya isa. A watan Yuni 1999 R.E.M. na Amurka suka rufe daren Juma'a, Manic Street Preachers suka rufe Asabar, daren Lahadi na ƙarshe kuma aka ba Skunk Anansie, gaban mutum sama da 100,000. Skin ita ce baƙar mace 'yar Birtaniya ta farko da ta tsaya a wannan matsayi.

Shekara 20 bayan haka, a 2019, Stormzy wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce ya rufe dare a wurin, ya rubuta a Twitter cewa shi ne baƙi ɗan Birtaniya na farko. Skin ta fito ta tuna masa cikin mutunci, shi kuma yaron kirki nan take ya ba da haƙuri a bainar jama'a ya girmama ta, ban ga laifinsa ba ko kaɗan tunda yana ɗan shekara biyar lokacin da abin ya faru. Abin da yake nasa shi ne shi ne baƙi ɗan Birtaniya na farko da ya yi shi kaɗai ba cikin gurup ba. Kuma don adalci, kafin su duka akwai Maxim na gurup ɗin The Prodigy da suka rufe dare a 1997. Amma ni abin da ya dame ni ba Stormzy ba ne, ta yaya za a ce ƙasa guda da jaridunta da gidajen rediyonta da telebijin, a shekara 20 kacal an shafe abu irin wannan har yaro mai hankali ya tashi bai taɓa jin labari ba? Mantuwa irin wannan ba ta faruwa da kanta.

Ga yadda nake ganin abin. Shekarun da suka tashi, 1994 zuwa 1997, su ne shekarun abin da jaridu suka sa ma suna Britpop, wato Oasis da Blur da Pulp da Suede, samari Turawa da gita da tutar Birtaniya, ana ta murnar wai Ingila ta dawo ta ƙwace kiɗa daga hannun Amurka. A watan Agusta 1995 Blur da Oasis suka saki waƙa rana ɗaya har labaran dare na telebijin suka ɗauka kamar wasan ƙarshe na kofin duniya, a 1997 kuma Tony Blair ya ci zaɓe ya gayyaci Noel Gallagher na Oasis fadar firaminista. Wannan shi ne hoton da ake so duniya ta gani, toh ina za a sa baƙar mace mai aski tana waƙa a kan wariyar launi, tana gaya masu cewa Ingilar da kuke yi ma kirari ita ce ta bar makasan Stephen Lawrence suna yawo? Kamar hoton biki ne da aka wanke aka yanke wanda ya tsaya a gefe, alhali yana cikin waɗanda suka fi kowa aiki ranar.

Sai matsala ta biyu, ba su da gida. Masu Britpop suna ganin sun yi nauyi da yawa, kiɗansu ya fi kusa da metal, wato rok mai tsananin ƙara. Masu harkar kiɗan baƙaƙe kuma suna ganin rok ba namu ba ne, baƙar mace sai dai ta yi sol ko R&B, shi ya sa kyautar MOBO da aka kafa a 1996 don kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙe ta daɗe ba ta da ɓangaren irinsu sam. Mujallar Kerrang! ta masu rok mai nauyi ce ta riƙe su da hannu biyu tun farko, ta ba su kyautar sabon gurup na Birtaniya a 1995. Kuma in ka duba ba su taɓa yin waƙar da ta kai lamba ɗaya a Ingila ba, Hedonism da kowa ya sani a lamba 13 ta tsaya, su mutanen album ne da konser, irin waɗanda mutum zai biya kuɗi ya je ya gani da idonsa ya dawo murya a dishe. Masu rubuta tarihi kuwa lamba ɗaya suke ƙirgawa.

Wajen Ingila labari ya sha bamban. Jamus, Holan, Fotugal, musamman Italiya, can kam manya ne na gaske, har Skin ta yi waƙa da Pavarotti a 2000, a 2015 kuma ta zama alƙaliya a gasar X Factor ta Italiya. A 1998 sun je Afirka ta Kudu sun yi wasa a bikin cikar Nelson Mandela shekara 80. Game da me ya sa mu nan ba mu san su ba, ai mu abin da Faransa da Amurka suka tura mana shi muke samu a rediyo da kanal, abin da Ingila da kanta ba ta yi ma talla ba ta ina zai iso Njamena.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ni 'yar Marwa ce. Ƙanena tunda ya karanta rubutunka ya cika kat memwar ɗinsa da waƙoƙin mutanen nan, dare da rana abin na kunnensa, Inna ta ce kiɗan aljanu ne ta ga mace ba gashi tana zare ido. Tsakani da Allah abin nan ya dace yaro ɗan shekara 15 ya ji?

AMSA: 'Yata lafiya lau, a gaishe da Inna da kyau a ce Kawu na ba ta haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan gaya maki yadda abin yake. Maganar aljanu babu ita, mutane ne masu sana'a, askin kuma ado ne da ta zaɓa ma kanta, zare idon salon wasa ne. Amma ba zan ce maki duk waƙoƙinsu sun dace da ɗan shekara 15 ba. Akwai ashar a wasu, akwai maganar soyayya da ta ɗaki da ake faɗi ɓaro-ɓaro yadda mu ba mu faɗa gaban yara, sunan album ɗinsu na uku ma ba na faɗa gaban manya ba ne. Akwai kuma Selling Jesus, wadda sunanta kaɗai zai iya ɓata ma maƙwabtanmu Kirista rai, ko da yake abin da take suka shi ne masu mai da addini kasuwa suna tatsar talakawa, ba Annabi Isa ba, amma yaro ba lallai ya bambance ba.

Shawarata kar ku ƙwace wayar, in kun ƙwace zai je ya ji a ta abokinsa ba ku sani ba. Ki zauna da shi ki ce ya fassara maki abin da yake ji, in ya iya toh Turancinsa ya ƙaru kuma kin san me ke shiga kansa, in bai iya ba ku nemo kalmomin tare. Waɗanda ba su dace ba ku goge tare, ki gaya masa dalili. Sannan ya rage ƙarar ekuter, wannan kam ina bayan Inna ɗari bisa ɗari, kunne ba shi da sifiya. Lokacin sallah da na lekol kuma a ajiye.

TAMBAYA: Kawu gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kilando ne a Kuseri, da dare ina koyon gita, mu uku ne muna so mu kafa gurup amma duk wanda ya ji sai ya ce wannan kiɗan Nasara ne ku yi na Hausa ko ku bari. Su Skunk Anansie ɗin suna nan har yanzu ko sun watse? Kuma wace waƙa zan fara da ita?

AMSA: Ɗana Allah ya tsare hanya, ka riƙa sa kwalkwali. Suna nan. Sun rabu a 2001 ba tare da faɗa ko tonon silili a jarida ba, gajiya ce kawai, shekara bakwai suna kan hanya daga wannan ƙasa zuwa waccan ba hutu. Skin ta yi album biyu ita kaɗai, Fleshwounds a 2003 da Fake Chemical State a 2006, ta kuma shiga aikin DJ. Mark Richardson ya koma gurup ɗin Feeder bayan rasuwar mai baterinsu a 2002, Ace ya kama koyar da gita. A 2009 suka dawo su huɗun nan dai ba a canza ko ɗaya ba, suka fitar da Wonderlustre 2010, Black Traffic 2012, Anarchytecture 2016, sai The Painful Truth a 2025. Wannan abu ka riƙe shi tunda gurup za ku kafa, mutum huɗu tun 1995 har yau, yawancin gurup kuɗi da girman kai ke kashe su tun ba a je ko'ina ba, don haka tun yanzu da ba ku da ko sefa ɗari ku zauna ku yanke yadda za a raba in ta samu, da sunan wa za a rubuta waƙa.

Girmamawar ma ta fara zuwa ko da a makare. Skin ta fitar da littafin tarihin rayuwarta a 2020, a 2021 Sarauniya ta ba ta lambar yabo ta OBE, a shekarar kuma ta zama shugabar girmamawa ta jami'ar fasaha ta Leeds. Amma ni gadon da na fi gani shi ne yaran da suka biyo baya, irin su Nova Twins, 'yan mata biyu masu jinin baƙaƙe a Landan da ke rok mai nauyi, su suka rubuta ma MOBO budaɗɗiyar wasiƙa a 2020 suka ce ina ɓangarenmu, a 2022 aka buɗe ɓangaren, Skunk Anansie na cikin waɗanda aka zaɓa, Bob Vylan suka ci. Shekara 26 kenan bayan kafa kyautar.

Masu ce maka kiɗan Nasara ne kuma, ka tambaye su wa ya fara. Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace a Amurka, tana kaɗa gitar lantarki tun shekarun 1940 kafin a san wani Elvis. Chuck Berry baƙi ne, Little Richard baƙi ne, Jimi Hendrix da ya sauka Landan a 1966 ya rikita duk masu gitar Ingila baƙi ne. Ba sai mun je nesa ba ma, a nan Kamaru Les Têtes Brûlées sun ɗauki bikutsi na mutanen Beti suka zuba shi a gitar lantarki a ƙarshen shekarun 1980, da fenti a jiki da aski iri-iri, mai gitarsu Zanzibar ya rasu 1988 yana yaro amma har yau ana maganar hannunsa. A Nijar ga Bombino ga Mdou Moctar, Buzaye, suna cika ɗakunan wasa a Turai da Amurka da harshensu na Tamashek. Saboda haka ba sai ka zaɓa tsakanin rok da Hausa ba, ka yi rok ɗin da Hausa, ko da Larabcin Shuwa tunda a Kuseri kake gada ɗaya ce tsakaninka da Njamena, ka saurari yadda mai garaya da mai gurmi ke maimaita ɗan gajeren kiɗa har ya shiga jini, ka gwada shi a gitarka, abin da Turawa ke gina waƙar rok a kai kenan.

Waƙar farawa kuma, ka fara da Weak, a hankali take kuma hannun mai koyo zai iya binta, daga nan Hedonism don ka ji yadda ake barin fili a waƙa ba kowa ya yi ta duka lokaci ɗaya ba. In hannunka ya faɗa sai ka hau Charlie Big Potato, wannan kam mai baterinku zai yi gumi. Amma kafin duk wannan ku ukun ku haɗa kuɗin mega ku zauna ku kalli wasansu na Glastonbury 1999, gani ya kori ji, kuma kar idonku ya tsaya kan Skin kaɗai, ku lura da yadda Cass da Mark ke riƙe da juna a baya duk tsallen da take yi. In kun yi rikodin na farko ko da waya ce ku turo min ta adireshin mujalla in ji.